Yadda Za Ka Mayar da Taswirar Gari Filin Tseren Mota a Kwamfuta

Ranar da na fara ɗora mota a kan titin da na ciro daga taswirar gaske, ko mita 200 ban yi ba ta daka tsalle ta kife, tayoyi na kallon sama. A ido titin sumul yake, ba rami ba tudu. Kwana uku ina zargin motar. In ƙara wa shokozoba ƙarfi, in rage, in sauke nauyinta ƙasa, in sake gwadawa, ta sake kifewa a daidai wurin nan. Sai a rana ta huɗu na cire fentin kwaltar na kalli ƙashin titin tsirara, na tarar da wani ɗan tudu da bai kai gwiwa ba a tsakiyar hanya. Bayanan tsayin ƙasa ne suka dasa shi, saboda wasu bishiyoyi da ke gefen titin.

Taswira don ido aka zana ta, da kuma mai neman hanyar zuwa wani wuri. Ba wanda ya zana ta yana tunanin tayar da ke gudun kilomita 200 a awa. Saboda haka duk aikin da zan bayyana maka a nan ya ta'allaƙa ne a kan sanin inda za ka bi taswira sau da ƙafa, da inda za ka yi mata gyaran fuska ba tare da mai wasa ya farga ba. Ina ɗauka ka iya ɗan rubuta manhaja, kuma ka taɓa buɗe Unity ko Godot ko Unreal. Ni da Python nake shirya bayanan, sannan in kai su Godot, amma hanyar ɗaya ce ko wanne ka zaɓa.

Ka fara da ɗan ƙaramin wuri

Kowa da gari guda yake son farawa, wasu ma da ƙasa guda. Kar ka yi. Ka yanki fili mai kilomita 2 ko 3 a kowane gefe, ka tsaya a nan har sai mota ta zagaya shi lafiya. Da'irar tseren Monako, wadda duniya ta sani, ba ta kai kilomita 3 da rabi ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ta yi kaɗan. Abin dubawa shi ne yanayin titunan. Unguwar da aka tsara kamar dara, irin Manhatan, tana da daɗin kallo daga sama amma tuƙi a cikinta gajiya ne: miƙe, birki, kwana, miƙe, birki, kwana. Ka nemi wurin da ke da hawa da gangara, da titi mai lanƙwasa a gefen tudu ko bakin ruwa, da doguwar hanya guda ɗaya da za a sake wa mota totur. Idan da gada a ciki, ka yi murna ka kuma shirya, domin za ta ba ka wahala.

Inda ake samo bayanan

Tituna da gine-gine daga OpenStreetMap, taswirar duniya da ke intanet, za ka ɗauko. Steve Coast ne ya fara ta a Birtaniya a 2004, 'yan sa-kai ne ke zana ta, kuma an yarda ka yi amfani da ita har a abin sayarwa, da sharuɗɗan da zan zo kansu a ƙarshe. Taswirar Google kuwa ka bar ta inda take, ƙa'idojinta sun hana kwasar bayananta ko kwaikwayon zanenta.

Tsarin bayanan abu uku ne kacal. Akwai ɗigo, wato wuri guda mai latitud da lonjitud. Akwai layi, wato jerin ɗigogi, wanda zai iya zama titi ko kogi ko kewayen gini. Akwai kuma dangantaka, wadda ke haɗa layuka da ɗigogi su zama abu ɗaya, kamar ginin da ke da fili a tsakiyarsa. Kowanne yana ɗauke da tambari na suna da ƙima. Titi shi ne duk layin da ke da tambarin highway, kuma ƙimarsa ce ke gaya maka girmansa: motorway da trunk da primary manya ne, residential na cikin unguwa, footway na masu tafiya a ƙasa ne, ka jefar da shi. Ka riƙe lanes da width da oneway da bridge da tunnel da layer da surface duk inda ka same su. Sau da yawa ba za ka same su ba.

Don ƙaramin fili, ka buɗe Overpass Turbo, shafin intanet na ciro bayanan OpenStreetMap, ka zana akwatin wurin ka nemi tituna da gine-gine. Ka lura, akwatin yana son lambobinsa a jere kudu, yamma, arewa, gabas, wato latitud kafin lonjitud, alhali fayil ɗin GeoJSON lonjitud yake sa wa a gaba. Wannan saɓanin ya taɓa jefa mini gari cikin teku. Ka sauke bayanan sau ɗaya ka ajiye a kwamfutarka. Kar wasanka ya riƙa ƙwanƙwasa wa sabar Overpass ƙofa duk lokacin da aka kunna shi, kyauta ake ba kowa ita kuma ba don wannan aka yi ta ba. Idan fili ya yi girma, kamfanin Geofabrik na Jamus yana fitar da yankan ƙasa-ƙasa kullum, sai ka sa osmium, manhajar sarrafa irin waɗannan fayiloli, ya yanko maka abin da kake so.

Daga digiri zuwa mita

A nan ne mafi yawan masu farawa ke yin kuskuren da ba sa ganewa sai an yi nisa. Latitud da lonjitud kusurwoyi ne a jikin dunƙulalliyar duniya, injin wasa kuma mita ya sani a fili shimfiɗaɗɗe. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne ko'ina. Digiri ɗaya na lonjitud kuwa kilomita 111 ne a kan ikwaita kawai, yana tsukewa kana nufar arewa ko kudu, har ya koma rabi a latitud 60.

Jarabar da ke gabanka ita ce ɗaukar tsarin Makato na intanet (Web Mercator), wanda taswirorin waya ke amfani da shi, tun da shi ma lambobinsa mita ake kiransu. Mitocin nan na ƙarya ne. A latitud 45 komai ya kumbura da kusan kashi 41 cikin 100, a latitud 60 ya ninka. Motarka za ta nuna kilomita 150 a awa amma ta riƙa jan jiki tsakanin gidaje kamar kunkuru, ka rasa dalili.

Abin da nake yi mai sauƙi ne. In ɗauki tsakiyar filina in mayar da shi sifiri. Kowane ɗigo in cire latitud ɗin tsakiya daga nasa in ninka da 111,320, na sami nisansa arewa. In cire lonjitud ɗin tsakiya daga nasa in ninka da 111,320, in ƙara ninkawa da kosain na latitud ɗin tsakiya, na sami nisansa gabas. A fili na 'yan kilomitoci kuskuren bai kai abin da mai tuƙi zai ji ba. In kana son abin da ya fi wannan daidai, kayan aikin Python mai suna pyproj zai mayar maka zuwa tsarin UTM, wanda ya raba duniya gida 60, kowanne faɗin digiri 6. Amma ko da UTM ɗin ne, dole ka cire lambobin tsakiya kafin ka shigar da komai cikin injin wasa.

Ga dalili, kuma ɗan hakin da ka raina ne. Injinan wasa galibi suna riƙe matsayin abu da lamba mai bit 32, wadda ba ta iya riƙe fiye da alƙaluma 7 ko makamancin haka. Abin da ke nesa da sifiri da kilomita 10, ana iya bambance matsayinsa har kusan milimita ɗaya. A kilomita 100 abin ya koma kusan milimita 8. Lambar UTM kuwa tana iya kai mita miliyan 5, kuma a can ƙaramin takun da kwamfuta ke iya yi rabin mita ne. Ka ɗora mota a wurin, za ka ga tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, inuwa na rawa, tayoyi na nutsewa cikin kwalta suna fitowa. Don haka duk lissafin taswira ka yi shi da lamba mai bit 64, sai a mataki na ƙarshe, bayan ka cire tsakiya, ka rage shi. Idan wata rana filinka ya wuce kilomita 10, dabarar da ake yi ita ce a bar motar kusa da sifiri a riƙa jawo duniyar gaba ɗaya zuwa gare ta lokaci-lokaci. Unreal 5 ya zo da lambobi masu bit 64 don wannan matsalar.

Sai alƙibla. A Unity, sama ita ce Y, gabas X, arewa Z. A Godot sama Y ce, gabas X, amma arewa za ta zama Z mai ragi. Unreal da santimita yake awo, ba mita ba, kuma samansa Z ce. Na yi sati ina tuƙi a garin da ke juye kamar a madubi ban sani ba, sai da na ga motocin kwamfuta suna zagaya shataletale ta hannun da ba shi ba.

Tudu da kwari

OpenStreetMap ba ta san tsayin ƙasa ba, sai ɗai-ɗaikun wurare kamar ƙololuwar dutse. Daga wani wuri za ka samo shi. Wanda aka fi sani shi ne SRTM, awon da kumbon Endeavour ya yi da na'urar rada cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000, daga latitud 60 arewa zuwa 56 kudu. Kowace lamba a cikinsa tana wakiltar fili mai kusan mita 30 a kowane gefe, kuma tsayin cikakkiyar mita ce, ba ɗigo ba rabi. Akwai na Copernicus na Tarayyar Turai, shi ma mita 30, ya fi sabunta kuma ya fi tsabta, shi nake fara nema. Idan ka yi sa'a wurin da ka zaɓa yana ƙasar da ta auna kanta da hasken lesa daga jirgin sama, kamar Holan da Ingila da sassa masu yawa na Amurka, za ka sami awo na mita ɗaya ko ƙasa da haka, kuma kyauta.

Abu biyu ne ke damun bayanan mita 30. Na farko, titinka faɗinsa mita 7 ne ko 10, wato lamba ɗaya ta haɗiye titin da gidan da ke gefensa da ramin da ke bayansa. Na biyu, rada abin da ta fara tararwa take aunawa, ko kan bishiya ne ko rufin bene. Tudun da ya kifar mini da mota ke nan. Titin da ya ratsa tsakanin dogayen gine-gine zai fito yana hawa yana sauka kamar bayan raƙumi alhali a zahiri shimfiɗe yake.

Lissafi kaɗan zai nuna maka girman abin. Mota tana barin ƙasa a kan tudu idan gudunta ninki kansa, a raba da rabin faɗin da'irar lanƙwasar tudun, ya wuce jan ƙasa, wato 9.81. Kilomita 200 a awa mita 55.6 ne a daƙiƙa. Ke nan duk tudun da lanƙwasarsa ta fi da'ira mai rabin faɗin mita 315 tsanani, zai ɗaga motar sama. Bambancin mita ɗaya tsakanin maƙwabtan lambobi uku na iya kusantar da kai wannan iyaka, mita uku kuwa ta gama da kai.

Maganin shi ne ka juya tsarin. Kar ka shimfiɗa titi a kan ƙasa. Ka fara gina titin, sannan ka tilasta wa ƙasa ta bi shi. Ina bin tsakiyar kowane titi ina ɗaukar tsayin ƙasa duk bayan mita 5, da lissafin da ke gauraya maƙwabtan lambobi huɗu don kar a sami matakala. Sai in goge jerin tsayin nan, kowane ɗigo ya zama matsakaicin waɗanda ke gabansa da bayansa cikin mita 50 zuwa 100, in maimaita har sai zanen ya kwanta. Babban titi ina goge shi sosai, ƙaramin titin kan tudu in sassauta, kar in kashe masa hawansa. Akwai ma'aunin da nake gane ɓarna da shi: titin Baldwin da ke Dunidin a Niyu Zilan, wanda ya yi suna a duniya saboda tsananin hawansa, gangararsa kusan kashi 35 cikin 100 ce. Duk inda lissafina ya ba ni abin da ya kusanci haka a titin da manyan motoci ke bi, na san bayanan ne suka yi ƙarya.

Bayan titi ya sami tsayinsa, sai in koma kan ƙasa in danna ta ƙarƙashinsa da santimita 10 zuwa 20, in bar ta ta koma tsayinta na asali a hankali cikin mita 15 a kowane gefe. Idan ba ka yi haka ba, ciyawa za ta riƙa ɓullowa ta tsakiyar kwalta. In za ka fitar da tsayin ƙasa a matsayin hoto, ka tabbata mai bit 16 ne. Mai bit 8 mataki 256 kawai gare shi, a wurin da ke da bambancin tsayi na mita 500 kowane mataki ya kusa mita 2 ke nan. Unity kuma yana son gefen hoton ya zama 513 ko 1025 ko 2049. Manhajojin taswira QGIS da GDAL za su yi maka yankan da sauya tsarin.

Gina titin kansa

Abin da taswira ta ba ka zare ne, ba shi da faɗi. Kuma zaren a karye yake, domin wanda ya zana kwana da hannu wataƙila ɗigo huɗu ya sa mata. Ka ratsa ɗigogin da lanƙwasasshen layi irin na Catmull-Rom, samfurinsa da ake sa wa alfa 0.5, shi ne ba ya yin ƙulli idan tazarar ɗigogi ta bambanta. Sai ka sake yanka layin daidai wa daida, ni mita 2 nake sawa a kwana, 5 a miƙaƙƙiyar hanya. A kowane yanka ka fitar da ɗigo hagu da dama gwargwadon rabin faɗin titi, ka ɗinke su da alwatika biyu-biyu. Titi ya samu.

Faɗin fa? Idan akwai width ka ɗauka. Idan babu, ka ninka lanes da mita 3 da rabi. Idan shi ma babu, ka yi wa kowane nau'in titi ƙiyasi. Sannan ka yi ƙaryar farko da gangan: ka ƙara faɗin da kashi 30 zuwa 50 cikin 100. Titin gaske an yi shi ne don mai tafiya a hankali yana kiyaye hannunsa. A kan allo, da kyamara a bayan mota, titin mai faɗin gaske ji za ka yi kamar kana zura zare a allura. Na daɗe ina ƙin wannan, wai ni mai gaskiya, har sai da na ba wani abokina ya gwada, ya bugi bango sau biyar kafin kwana ta biyu ya ajiye. Manyan kamfanoni ma sun fi haka yi wa taswira: wasan The Crew na 2014 ƙasar Amurka gaba ɗaya ya matse ta yadda za a ratsa ta a zama ɗaya.

Faɗaɗawar tana jawo nata rikicin. A kwana mai tsanani, idan rabin faɗin titi ya fi rabin faɗin da'irar kwanar, gefen ciki zai naɗe ya hau kansa. Ka gano irin wuraren ka buɗe kwanar kaɗan. Tagwayen hanyoyi kuma layi biyu ake zana su, kowanne da oneway, in ka faɗaɗa su za su hau juna, allon ya riƙa walƙiya a inda suka haɗu domin kwamfuta ta rasa wanda za ta nuna a sama. Ko ka tura su nesa da juna, ko ka haɗe su su zama titi ɗaya.

Mararraba ce inda gizo ke saƙar. Ƙa'idar farko: tituna biyu sun haɗu ne kawai idan suna da ɗigo guda na tarayya. Idan layukansu sun gitta juna ba ɗigon tarayya, ɗaya ta saman ɗaya ya wuce. A duk ɗigon da hanya uku ko fiye suka taru, ka ja kowace hanya baya da kusan faɗin wadda ta fi girma a cikinsu, ka bar fili a tsakiya. Ka jera bakunan hanyoyin bisa kusurwarsu kamar hannun agogo, ka haɗa gefen wannan da gefen na kusa da shi da ɗan baka, ka cike tsakiyar da alwatika. Tun kafin ka goge tsayi, ka kafe tsayin ɗigon mararrabar ya zama ɗaya ga duk hanyoyin da suka shigo ta, in ba haka ba za ka sami dakali a bakin kowace mahaɗa. Wannan zai yi maka aiki a mafi yawan wurare. Ragowar, irin mahaɗa biyu da ke tazarar mita 6 da juna ko hanyar da ke shiga babban titi a kwance, na gaji da neman lissafin da zai warware su duka. Na buɗe Blender, manhajar ƙera siffofin 3D, na gyara waɗanda ke kan hanyar tserena da hannu, sauran na toshe su da shinge. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke bayan shingen.

Gada kuma, kar ka tambayi ƙasa tsayinta, domin za ta ba ka na ruwan da ke ƙasa ko na titin da aka tsallake. Ka ɗauki tsayin bakinta biyu ka ja layi tsakaninsu. Tambarin layer ba mita yake faɗa ba, yana gaya maka ne kawai wanda ke saman wani. Idan gadar sama ce, ka tabbata ta bar wa na ƙasa kamar mita 5, ka kuma ja hawan ya fara tun daga nesa. Ramin ƙarƙashin ƙasa haka yake, sai dai shi dole ka huda ƙasar. A gwajin farko ka kauce masa.

Gine-gine ba su da wuya. Ka ɗauki kewayen kowane gini ka ja shi sama. In akwai height shi ke nan, in akwai building:levels ka ninka da mita 3, in babu ka ba shi hawa ɗaya zuwa uku yadda ya zo. Ka nutsar da gindinsa cikin ƙasa don kar ya yi shawagi a gangara. Wanda faɗaɗɗen titinka ya ci, Shapely na Python zai yanke maka shi ko ka share shi. Ka fi ba da ƙarfi ga abin da ke dab da titi, turakun fitila da bishiyoyi da zanen tsakiyar kwalta, domin su ne ke wucewa fuu ta gefen ido su sa mutum ya ji yana gudu. Fili fetal ko kana 300 ji za ka yi kamar a tsaye kake.

Motar da hanyar tseren

Kar ka sa tayoyi na gaske masu birgima suna karo da titi. Jikin motar akwati ne guda mai nauyi, daga kusurwoyinsa huɗu kana harba layi ƙasa ka auna nisan kwalta, ka tura motar sama gwargwadon yadda sifirin ɗin tayar (spring) ya matse, ka rage da saurin matsewar, wato aikin shokozoba. WheelCollider na Unity da VehicleBody3D na Godot kusan haka suke yi, sun isa farawa. In ka so riƙon taya mai kama da gaske daga baya, ka nemi lissafin Hans Pacejka na jami'ar Delft. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne saurin lissafin motsi. Unity sau 50 yake yi a daƙiƙa in ba ka taɓa shi ba, Godot sau 60. A gudun 200, motar tana tsallake fiye da mita ɗaya tsakanin lissafi da lissafi a Unity. Ni 120 nake sawa. Shinge kuma ka ba shi kauri, siriri mota za ta ratsa shi ba ta san yana nan ba.

Hanyar tsere kai za ka zaɓe ta, ba kwamfuta ba. Ka dasa tutoci a wuraren da kake so a bi, ka bar lissafin Dijkstra, mai nemo hanya mafi gajarta, ya haɗa su ta kan titunan, ka yi watsi da oneway tun da an rufe gari don tsere. Daga nan ka auna kowace kwana. Ɗigo uku a jere suna ba ka da'irar da ta ratsa su, kuma iyakar gudun da za a sha kwanar shi ne tushen murabba'in abin da aka samu in an ninka rabin faɗin da'irar da 9.81 da kuma ƙarfin riƙon taya. In riƙon 1 ne, kwanar cikin unguwa mai rabin faɗin mita 15 ba ta ɗaukar fiye da kilomita 44 a awa, kuma kafin a sha kwana a 100 sai ta kai kusan mita 79. Wanda ya taho a 200 zai buƙaci wajen mita 150 na birki kafin waccan ƙaramar kwanar. Ka zana waɗannan lambobin a kan hanyarka da launi. In ka ga ja ya yi yawa a jere, sauya hanya, ko ka yanke kusurwar wani gida ka buɗe kwanar.

Lambobin nan su ne kuma ƙwaƙwalwar abokan hamayya. Ka bi hanyar daga ƙarshe zuwa farko kana rage gudun kowane ɗigo yadda birki zai isa kafin kwanar da ke gaba. Motar kwamfuta sai ta kalli wani ɗigo da ke gabanta, mai nisa gwargwadon gudunta, ta karkata sitiyari wajensa, ta taka totur ko birki don ta dace da gudun da aka rubuta a wurin. Ka ba kowace ɗan bambancin riƙon taya da ɗan kaucewa daga tsakiya don kar su jeru kamar tururuwa. Ƙofofi marasa ganuwa duk bayan mita 100 za su ƙirga zagaye, su kama mai yanke, su kuma zama wurin mayar da wanda ya faɗa rami.

Idan wasan ya fara sarƙewa, gine-gine ne. Firam 60 a daƙiƙa na nufin kana da milidaƙiƙa 16.7 kacal ga kowanne. Ka yanka garin gida-gida na mita 250, ka dunƙule gine-ginen kowane gida su zama abu ɗaya, na nesa ka cire musu abin karo, bishiyoyi da turaku kuma samfuri ɗaya a maimaita.

Kafin ka saki wasan

Tun 2012 bayanan OpenStreetMap suna ƙarƙashin lasisin ODbL. Dole ka rubuta a inda mai wasa zai gani cewa bayanan na masu ba da gudummawar OpenStreetMap ne, ni a allon farko nake sawa da kuma jerin sunayen ƙarshe. Wasan kansa naka ne, kana iya sayar da shi. Amma idan ka gyara rumbun bayanan ka yi amfani da shi a bainar jama'a, gyararren rumbun yana bin lasisin, a shirye kake ka ba wanda ya nema. Bayanan tsayin ƙasa ma kowanne da irin ambaton da yake so, ka karanta. Sunayen kamfanonin mota da tambarinsu da allunan shaguna ba sa cikin wannan kyautar, ka ƙirƙiri naka.

Sannan ka nemo wanda ya san wurin da ƙafarsa ka miƙa masa, ka yi shiru, domin da ɗan gari akan ci gari. Wanda na ba nawa bai lura na faɗaɗa titi ba, bai lura na share gidaje goma sha wani abu ba, bai lura kwanar bakin ruwa ta buɗe ba. A zagaye na biyu ya taka birki a tsakiyar hanya ya ce ina hasumiyar da ake hangowa daga kan gangaren nan. Na duba bayanan, ga ta nan, ba wanda ya sa mata height, lissafina ya ba ta hawa biyu. A daren na buɗe Blender na gina ta da hannu.